Agogon Yaya Tanko da Taɓaryata

"Wai don Allah, Tanko da ƙafarsa yake wannan tafiya, ko ɗaukarsa ake yi?"

Muryar Yunus ce. Ta bayan katanga na jiyo ta, ina tsakiyar surfe. Fadarsu a nan take, gindin darbejiyar da ke bayan ɗakina, saboda haka duk abin da suka tattauna a kan shayi sai ya tsallako mini ko ban nema ba.

Wani ya amsa masa, "Ga shi can a zaure tun hantsi yana sakace. Amma dubi wayar portabul ka ga lambarsa, hawa take kamar farashin esansi a gidan mai."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina. Amsar tambayar tana ɗaure a hannuna na dama, cikin tsumma.

Yaya Tanko wan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Maigidan ya tafi cin rani Legas ya bar ni wurin Inna, mahaifiyarsu. Shi kuwa Yaya Abuja ya je, bai yi rabin rani ba ya dawo Matamaye da tumbi, da baƙin tabarau, da wani agogo mai gilashi wanda ba shi da hannu, da kuma baki. Bakin ya fi sauran kayan nauyi. In yana ba da labari sai ka rantse shi ya nuna wa mutanen Abuja inda za su shimfiɗa kwalta. Matarsa ta tafi wanka gidansu a Yauri, girki da daka duk suka dawo kaina.

Ana nan wata Madam Jannatu, ta wani furoje na masu kare muhalli, ta zo fada ta zuba wa kowa wani abu a portabul mai ƙirga tafiyar mutum. Ta buɗe musu gurup, suka sa masa suna A Sauka A Taka. Sharaɗin shi ne a rage hawa moto mai ƙafa biyu don hayaƙi na ƙara zafin gari, a taka da ƙafa, a ci ganye, a turo hoton abin da aka ci. Kowane maraice kowa yana ganin lambar kowa. Wanda ya fi kowa a ƙarshe za a ba shi keke mai cin hasken rana.

Ranar Yaya ya shigo gida yana taku kamar an naɗa shi sarauta.

"Inna, a share wuri, keke na zuwa. Waɗannan yaran na fada me suka sani a tafiya? Ni da na taka daga Nyanya zuwa Gwagwalada ban ko kurɓi ruwa ba! Kuma su da portabul suke ƙirge, ni nawa agogo ne, shi ke aika wa portabul."

Inna ta ce, "A share masa inda kake kwanciya. Wurin ya saba da abin da ba ya motsi."

Washegari ya fita cikin wando da riga na masu ƙwallo, yana huci tun daga ƙofar gida. Kunun da na dama bai huce ba na ji ƙarar kabu-kabu ta lungun baya. Ya shigo yana dafa bango, ya ce iskar Matamaye ce ta yi masa nauyi, ta Abuja ta fi sauƙin shaƙa.

Da ya ga agogon motsin hannu yake ƙirgawa, sai ya kwanta a tabarma yana kaɗa hannu kamar mai fifita wuta. Kafin la'asar kafaɗa ta riƙe, loma ma da hagu ya so kaiwa sai da Inna ta daka masa tsawa. Ya gwada ɗaura wa akuyar Inna a ƙafa. Akuya ta dube shi, ta nemi inuwa ta kwanta tana tuƙa. Halinsu ya zo ɗaya.

Sai ranar da nake dakan yaji. Na ji mutum tsaye a bayana. Na saci kallo, na ga Yaya yana bin taɓarya da ido, kansa na sama da ƙasa kamar ƙadangare. Daga nan ya yi gyaran murya ya tara mu, ni da Inna da akuya, ya yi mana jawabi.

"Daga yau an daina kai niƙa inji a gidan nan."

Inna ta ce, "Injin ya zage ka?"

"Inna, ba za ki gane ba. Inji gazuwal yake sha, baƙin man nan, hayaƙinsa yana hawa sama ya toshe hanyar ruwa. Shi ya sa damina ke wasa da mu. Gidan shugaban masu yaƙi da hayaƙi ba za a ci tuwon inji ba."

"Wa ya naɗa ka?"

"Za a naɗa."

"To ɗauki taɓarya ka fara yaƙin."

"Kowa da fanninsa, Inna. Ni tsarawa nake."

Da Inna ta shiga alwala, ya ɗora agogon a faifai ya turo mini da ƙafa.

"Sa'a, ɗaura wannan duk lokacin da za ki yi daka. Lafiyarki yake aunawa. Ki rufe shi da tsumma, rana na ɓata shi. Kada Inna ta sani, kin san tsofaffi da tsoron kayan zamani."

Karatuna na lakkwal bai yi nisa ba, amma ban kai inda zan yarda da wannan ba. Sai dai wan miji ne. Ido ma ba na iya haɗawa da shi, balle in ce a'a. Na ce, "To, Yaya." Da Inna ta ga tsumman ta tambaya, shi ya yi caraf ya amsa, wai targaɗe ne, kuma likitocin Abuja sun ce daka ne maganinsa.

Tun daga ranar Yaya ya zama barewa. Ina surfe, yana tsallake garin Kance. Ina ribɗi, ya kusa Damagaram. In na tsaya in share zufa, sai in ji tari daga zaure, don yana zaune da portabul a hannu yana kallon tafiyar da yake yi. In na ɗan daɗe, sai ya ɗaga murya, "Sa'a, lafiya dai ko? Na ji gari ya yi shiru."

Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Abin da nake roƙo a sallah ɗaya ne, Allah ya mayar da ni layin inji in huta.

Matsalar farko, hatsin gida ya ƙare da dakuwa. Gari ya cika ƙorai, ya cika roba, har tukunyar wankan Inna. Yaya bai ga abin damuwa ba. Ya fita ƙofar gida ya yi shela cewa duk maƙwabciyar da ke son ceton damina ta aiko da hatsinta a daka mata kyauta. Matan unguwa ba su san ceton damina ba, amma sun san kyauta. Ƙorai suka yi layi tun daga zaure.

Ta biyu ita ce maganar abinci. Kullum da rana sai ya ari kwanon kwaɗon zogalen Inna, ya gyara masa zama, ya ɗauki hoto ya tura gurup, ya dawo mata da shi ko yatsa bai sa ba. Sannan ya juya baya ya kwance ƙunshin tsire. Ran nan na jiyo fada ta kaure da dariya. Yunus ya ƙwala masa kira.

"Shugaba! Zogalen nan naka na yau da tsinke ya zo?"

"Wane tsinke?"

"Ga shi a gefen hoto, da ƙuli-ƙuli a jikinsa. Ga kuma yatsanka yana ƙyalli kamar an shafa wa amarya mai."

"Man zaitun ne. Ku nan ba ku san shi ba."

"To tafiyar fa? Tun safe muna ganin ƙafarka a kan kujera."

"Ka ji ƙauyanci. Wannan ita ake kira tafiyar zaune. Yatsun ƙafa ke yi a cikin takalmi. Manya a Abuja ba wanda ke yawo a rana kamar mai neman ɓataccen jaki."

Suka yi ta dariya, amma abin ya ci musu rai. Kowane maraice su buɗe portabul su ga mai tumbi a sama, su a ƙasa. Yunus ya jingine motonsa ya fara zuwa lambu da ƙafa. Da sauran suka ga lambarsa ta ɗaga, su ma suka bi. Wanda a da in zai sayo sikarin shayi sai ya tada moto, yanzu sai ya zagaya ta bayan kasuwa don hanya ta yi tsawo. Wani har sigari ya bari, wai tana cinye masa numfashi a hanya. Suna ramewa suna ƙarfi, suna bin wata lamba da ni ke dakawa. Masu kabu-kabu kuwa suka daina amsa sallamar Yaya.

Sai maƙwabciyarmu Mariama ta zo da zancen sunan ƙanwarta, ta roƙi Inna a ba ta ni in taya su dakan fura ana gobe suna. Ina murna zan bar agogo a gida, sai ga faifai ya sake zuwa da ƙafa.

"Yunus ya matso ni, Sa'a. Wato... lafiyarki ta fi buƙatar awo a gidan biki."

Na ɗaura. A raina na ce, tunda tafiya kake so, yau za ka yi ta.

Turame a jere, mata sun haɗu, aka fara lugude. A cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, a buga gefen turmi, a sake. Ni da ba na iya ɗaga murya a taro, ranar ban bar turmi ba. Wata ta gaji ta ba wata, ni ina nan. Mariama ta ce, "Ke Sa'a, da targaɗen naki?" Na ce ai daka ne maganinsa. Da aka gama aka shiga kiɗan ƙwarya, nan ma na yi ta tafi har hannu ya yi zafi.

Da na dawo na tarar da Yaya a tsakar gida yana rawa shi kaɗai. Abin nan na cikin portabul ya aiko wa kowa saƙo da hoton kofi, wai Tanko ya wuce duk masu tafiya na jihar Damagaram. Madam Jannatu ta zo da kanta har ƙofar gida. Ta ce irin wannan bajinta ba a ɓoye ta. Ran Lahadi za a yi tattaki, maza da mata, daga tasha zuwa wani ƙauye a hanyar Tsauni, shampiyon a gaba, a can za a miƙa masa keke gaban jama'a, da ɗan rediyo.

Yaya ya ce, "Nan kusa? Ni da na so a ce Damagaram."

Yunus ya ce, "Tafiyar tsaye za a yi fa, Shugaba, ba ta zaune ba."

Da mai hankali ne, ciwon ciki zai ƙirƙira. Yaya sabon takalmi fari ya saya, wanda ya matse shi, don shi kaɗai ya rage a shago mai ƙyalli. Ya nemo maroƙi ya tsara masa kirari, ya ɗauka a portabul ya mai da shi ƙarar kira. Ya karɓe agogonsa ya goge. Ran Asabar na shanya shuɗin hijabina a igiya, na neme shi na rasa.

Lahadi da safe tasha ta cika. Inna ta ce ko a kan gadon asibiti take sai ta ga wannan rana, aka ɗora ta a amalanken da ke ɗauke da bidodin ruwa, wato jarkoki, ni da Mariama muna biye da ita cikin mata. Madam ta yi bayani cewa yau ta kunna wani abu, kowa zai ga inda ɗan'uwansa yake a portabul, ɗigo-ɗigo a kan hanya, don kada wani ya ɓata. Yaya bai ji ba. Yana can ya riƙe ɗan rediyo yana faɗa masa yadda sojoji suka taɓa roƙonsa ya rage sauri.

Aka ce bisimilla, ya zabura da gudu. Mata suka yi guɗa. Bai kai gidan ƙarshe na gari ba gudu ya koma sauri, sauri ya koma ɗingishi. Tumbi na gaba, shi yana binsa. 'Yan fada suka iso shi suna hira abinsu, ko haki babu.

"Shugaba, mu wuce ko mu jira?"

"Dabara ce. Ina... ina ba ku... fuska."

Tsofaffi suka wuce shi. Mai tallan goro ya wuce shi. Amalanke ya zo daidai shi, bijimin da ke jan amalanken ya juyo ya dube shi. Inna ta ce, "Sannu barewa."

Da muka kai lambunan rake ya ɗaga hannu ya ce zai kewaya, kowa ya ci gaba, zai tarar da mu. Ya kutsa cikin rake. Muka ci gaba. Can sai Yunus ya tsaya cak yana kallon portabul.

"Jama'a, ku duba! Shampiyon ya tashi sama!"

Kowa ya zaro tasa. Mariama ta leƙa ta mijinta ta jawo ni. Ɗigon Yaya ya fita ta bayan lambu, ya kama wata ƙaramar hanya yana sheƙa gudun da ko doki sai ya yi da gaske. Madam ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ɗan rediyo ya fara ihu a makirfo wai ana kafa tarihi. Ɗigo ya zagaye mu, ya faɗo babbar hanya can gaba, sai ya tsaya. Ya ɗan motsa. Ya sake tsayawa.

Ba wanda ya ce a yi sauri, amma kowa ya ɗaga ƙafa.

Muna shawo kwana sai ga Bashir mai kabu-kabu tsugune a inuwar gawo yana shan rake. Ga motonsa ya nutse cikin yashi, wata mata mai shuɗin hijabi tana turawa tana nishi. Hijabin ya tsaya mata a gwiwa. Ƙasa da shi ƙwauri ne mai gashi, da farin takalmi. Na gane ƙunar dutsen guga a gefen hijabin. Nawa ne.

Yunus ya ce, "Bashir, lafiya ka bar baiwar Allah da turi?"

"Esansi ya ƙare. Tunda kuka ce kowa ya taka, me zan zuba wa moton, yawu? Na faɗa wa fasinja tun jiya, ta ce in zo haka nan."

Yunus ya juya ga matar, "Sannu Hajiya. Daga ina?"

Hajiya ta juya baya ta maƙe murya, "Daga unguwa."

"Ba ki ga wani mutum ya wuce da gudu ba? Shugabanmu ne, mun ɓatar da shi. Bari dai in kira shi."

Ya danna. Daga ƙarƙashin hijabina maroƙi ya fashe da kirari, "Tanko barewar Abuja! Tanko mai taka ƙasa ta gode!" Hajiya ta yi ta dukan cinyarta tana neman aljihu, hijabi ya naɗe hannu, kirari na ƙara tashi. Ɗan rediyo ya miƙa makirfo daidai wurin.

Mutane suka zube a yashi. Wani tsoho ya riƙe ciki yana salati. Inna ta miƙe tsaye a kan amalanke ta ce, "Jama'a ku shaida, ni ban haifi 'ya mace ba. Da na haifa, da ta fi wannan amfani."

Madam Jannatu ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, ta ce, "Malam Tanko, abu ɗaya nake son sani. Na'urar nan ba ta ƙirga abin da ba a yi ba. Duk tafiyar nan wani ya yi ta. Waye? Shi ya cancanci a sani."

Yaya ya ɗago. Fuskarsa a zagaye cikin hijabi, gemu ya leƙo ta ƙasa, zufa na zuba. Idonsa ya ratsa mutane ya zo kaina. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar. Hawa moto ana iya mai da shi wasa a fada. Amma a ji cewa ƙato ya ɗaura wa matar ƙaninsa agogo ta daka masa suna a turmi, wannan sai dai ya bar gari.

Na sauke kai ina gyara bakin zane.

Ya ce, "Rezo ne, layin waya. Rezo ya haɗa ni da wani."

Yunus ya ce, "Jaki ya ɗaura wa." Wani ya ce raƙumin 'yan rake ne. Aka yi ta musu har ƙauyen, inda aka ba Yunus keke. Yaya a amalanke ya dawo, tsakanin bidodi, takalmi a hannu, Inna na yi masa fifita da bakin da bai huta ba har gida.

Washegari na auna gero a ƙwarya, na ajiye gefen turmi, na jingina taɓarya. Ban fara ba. Na zauna ina duban tafin hannuna. Sai ga shi ya fito yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

"Sa'a."

"Na'am, Yaya."

"Zancen agogon nan... ai ya wuce ko?"

Na ci gaba da duban tafin hannuna.

"Na ce ya wuce ko?"

Na ɗauki taɓarya na juya ta a hannu na mayar.

Ya dubi ƙofar Inna, ya dubi katangar fada. Ya ce, "Na yi bincike, akwai wani sabon inji can bayan kasuwa, da hasken rana yake aiki, ba hayaƙi. Kawo niƙan."

Ya juye a buhu ya saɓa a kafaɗa. Masu kabu-kabu sun haɗa baki ba mai ɗaukarsa, saboda haka da ƙafa ya tafi, ta lungu, da ƙafa ya dawo. Da Yunus ya tare shi, na jiyo yana cewa wannan ita ce tafiya da kaya, sabon salo, 'yan dambe ke yi.

Yanzu duk ranar da na ajiye ƙwarya gefen turmi na yi shiru, buhu na fitowa. Kantar hannuna ta fara laushi. Jiya Mariama ta ja ni gefe ta ce, "Don Allah Sa'a, me kika ba wan mijinki? Ni nawa ko tsintsiya ba ya ɗaga mini." Da maigidan ya kira daga Legas shi ma ya tambaya, wai a gurup har yanzu ana musu a kan jaki da raƙumi, ko na ga wani abu a gida?

Maganar ta zo mini har bakin leɓe, da daɗinta. Sai na hango Yaya ya shigo da buhu a kafaɗa, gari ya yi masa fari a gemu, yana satar kallona. Ranar da na faɗa, ranar zan koma turmi. Na ce wa maigidan rezo ba kyau, ba na jinsa sosai. Ba shi ba, ba Mariama ba, ko akuyar Inna ba za ta ji a bakina ba.